Baƙon da ke Gindin Tsamiyar Almu

A Ƙofar Sauri, in ka tambayi gidan Almu mai haƙar rijiya sai an ɗan yi tunani. In ka ce Almu Jirgi, ko mai tallar goro sai ta nuna maka ƙofar. Shi kuwa ba ya amsa wannan suna. In aka kira shi da shi, sai ya ci gaba da abin da yake yi, kamar da bango ake magana.

Mutumin ƙauye ne daga wajen hanyar Kaita. Ya shigo birni yana saurayi da dagi ɗaya da igiya, ya bi wani tsohon mahaƙi har hannunsa ya faɗa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar ƙirgi. Ba shi da yawan magana. Wanda ya saba wuni shi kaɗai cikin rami gaba goma sha biyar, bakinsa kan yi nauyi. Da damina, in ƙasa ta jiƙe haƙa ta tsaya, sai ya koma wata 'yar gona da ya saya bayan ganuwa, tsakanin Ƙofar Sauri da Ƙofar Durbi.

A ƙarshen gonar daga gabas akwai wata tsohuwar tsamiya. Tun kafin ya sayi wurin ake cewa tana da mutanen ɓoye, kuma Almu ya yarda. Mai shiga cikin ƙasa ba ya wasa da irin wannan. Maigidansa ya koya masa kada ya sari sabon wuri sai ya yi sadakar gumba, kada ya shiga rami da tsakar rana, kada kuma ya amsa muryar da bai ga mai ita ba. Saboda haka ko noma yake, yakan bar wa tsamiyar kunya uku bai taɓa ba.

A shekara ta biyu da fara yaƙin basasa abin ya faru. Yaƙin yana can nesa. A rediyo ake jinsa, sai kuma gidajen da ake zaman makoki babu gawa. Da kaka ne, dawa ta fi mutum tsawo ta fid da kai. Ran wata Talata da hantsi Almu yana roron wake ya ji ƙugi a sama, yana tari yana ɗaukewa. Jirgin soja ne mai farfela biyu, ɗaya ta tsaya cak, baƙin hayaƙi yana bin sa. Matuƙin yana neman filin sauka, amma bai kai ba. Ya kwantar da cikin jirgin kan gonaki, ya dinga aske dawar mutane, har fiffike ya daki wani gawo. Jirgin ya juya ya karye gida biyu, wutsiyar ta yi gabas.

Duk wanda ke gona ya zubar da abin hannunsa ya nufi gari. Almu ya nufi jirgin. Ya fasa gilashi da ƙotar fartanya, ya jawo mutum ɗaya a sume, wuta tana cin hannun rigarsa. Tabon yana nan a damtsen Almu har yau. Sauran biyun da ya gani a ciki sun riga sun cika. Kafin azahar sojoji suka iso, suka kwashi ukun, suka kewaye ɓaraguzan da igiya, suka ce duk wanda ya matso jikinsa zai gaya masa.

Ran nan gari ya ɗauka. Mai unguwa ya sa masa albarka a ƙofar masallaci. Daga nan sunan ya fito.

Washegari da rana tsaka ya koma ya ga ɓarnar da aka yi masa. Ya zagaya ta bayan igiyar sojoji, ya shiga cikin sauran dawar da ke tsaye, gorar ruwa rataye a kafaɗarsa. Yana kusa da ƙarshen gona ya ji nishi. Siriri ne, yana tashi yana sauka, daga wajen tsamiya. Ya tsaya. Rana tana tsakiyar kai, ko tsuntsu ba ya motsi. Ya karanta abin da ya sani, ya juya bai waiwaya ba.

Ya gaya wa matarsa Sabuwa. Ta dafa ƙirji ta ce, “Ƙarar jirgin nan ce ta tashe su. Don Allah Malam, kada ka ƙara bin wajen sai sun huce.” Maƙwabtan gona biyu su ma sun ji nishin, su ma haka suka ce. Ran Alhamis ya sake jinsa daga nesa, ya yi ƙasa sosai. Ran Juma'a bai ji kome ba, sai ya ga ungulaye suna kewaya tsamiyar. Aljani ba ya tara ungulu. Wannan ko yaro ya sani.

Ya kutsa cikin dawar, ya tarar da gawa a gindin tsamiyar. Saurayi ne, da wandon soja, ƙafa ɗaya a karye. Da jirgin ya rabu ne ya wurgo shi cikin dawa. Sawun jan cikinsa yana nan a ƙasa, daga inda ya faɗi har zuwa inuwar. Kewaye da shi duk tuƙar karan dawa ce, ya tauna ya tofar, ya tauna ya tofar, kamar ta rake. Almu ya daɗe yana duban tuƙar nan. Taku ashirin ne tsakanin wurin da inda ya tsaya shekaranjiya da ruwa a kafaɗa. Ya auna daga baya, ba sau ɗaya ba.

Suka je da mai unguwa wurin sajan da ke gadin ɓaraguzan. Sajan ya ce takarda ta ce mutum uku ne cikin jirgin, uku kuma aka ɗauka. Ya ce zai aika a tambaya. Har la'asar babu wanda ya zo, gawa kuma ba ta jiran amsa. Babu suna a jikin mutumin, babu laya, babu wata alama. Cokali ɗaya ne kawai a aljihunsa. Liman Malam Haruna ya ce wanda aka tsinta a ƙasarmu namu ne, sai in an zo da shaida. Suka yi masa salla su biyar. Almu ya haƙa kabarin nan gindin tsamiya, bai bar kowa ya karɓe shi ba. Cokalin ya soke shi a azarar ɗakinsa, ko wani zai zo nema wata rana. Ba wanda ya zo.

Bayan kwana bakwai ya sayo randa ya kafa a gindin tsamiyar, ya ɗaura mata moɗa da igiya. Kullum da safe yakan ɗebo garwa biyu daga rijiyar gidansa, ya sagala a sanda, ya fita ta ƙofa ya cika ta. Da farko babu mai sha. Sai ya tsiri zama a wurin da tsakar rana, daidai lokacin da ake tsoro, yana damun furarsa. Duk wanda ya ce masa, “Almu, ba ka tsoron mutanen wurin?” amsa ɗaya yake ba shi: “Mutum ɗaya ne a nan, ƙishirwa ta kashe shi ina tsaye.” Sannu a hankali matan ƙauye masu kawo itace suka fara ratsowa su sha, sannan masu jakai. Ya daina sadakar gumba kafin haƙa. Yana shiga rami ko da wane lokaci. Abokan sana'a suka ce wata rana ƙasa za ta rufe shi. Ba ta rufe shi ba. Shekara goma sha ɗaya randar ba ta kwana babu ruwa ba, ko ranar da ya binne ɗansa na fari.

Ana cikin haka soja suka ce za su koma bariki. Tun kafin su tafi, wasu mutane suka zo da abin awo suka kakkafa turaku masu jan fenti a gonakin bayan ganuwa. Hanya za a fitar, a yi gidaje gefenta. Layin turakun ya bi ta kan tsamiya sak. Gonar ba ta dami Almu ba, ƙarfin noma ya fara barinsa. Ya je ofis sau uku kan maganar kabarin. Akawun da ya samu mutumin kirki ne, har kujera ya ba shi. Ya ce ya kawo takardar da ta nuna an binne mutum a wurin. Almu ya ce shi ya binne shi da hannunsa, ya nuna hannun. Akawun ya ce hannu ba ya shiga fayil.

Da daminar zaɓe ta zo, Shehu tela, wanda ya zama wakilin jam'iyya a unguwa, ya same shi har gida da sabuwar hula.

“Baba Almu, mulkin bindiga ya ƙare. Yanzu talaka zai yi magana a ji.”

“Na yi maganar, Shehu. Jin nike jira.”

“Tsamiyarka ko ganye ba za a tsinka ba. Ka riƙe wannan daga bakina.”

“Bakinka ba ya da mariƙi. In ka gama, ga garwa nan, kama mani ɗaya.”

Shehu ya yi dariya ya ce yana sauri. Aka yi zaɓe, aka yi rantsuwa, aka yi kiɗa kwana biyu. Da Almu ya tare shi bayan nan yana fitowa daga wata mota, sai Shehu ya ce ana kan magana. Ba a gama maganar ba katafila ta iso, bayan an kwashe amfanin gona. Ta fara ture gonaki daga yamma, kullum tana matsowa. Ran Laraba ta tsaya taku hamsin daga tsamiya, aka kashe ta tun rana da saura.

Sabuwa ce ta kawo labarin daga gidan suna. Ta same shi da safe yana ɗaura garwa. Ta ce leburori sun ƙi matsawa. Tsofaffin unguwa sun ba su tarihin tsamiyar, direban katafilar ya ce ba zai sa ƙarfe a jikinta ba sai ya ji daga bakin mai gonar. Har an ce injiniyan aikin ya gaji da rigima, ya ce in sun ƙi, zai ɗan lanƙwasa hanyar, don an taɓa yin haka saboda wata kuka.

“To ka ji,” in ji ta. “In ya tambaye ka, ka ce akwai. Shi ke nan.”

“Akwai mi?”

“Kai ma ka sani. Ofis ka je, Shehu ka bi, duk ba su yi ba. Allah ya kawo maka mafita har gida, sai ka tsaya taurin kai?”

“Ke kika ce mani akwai, waccan shekara.”

Bai taɓa faɗa mata haka ba. Ta gyara kallabinta. Da ta sake magana muryarta ta sauka. “Na ce. Kana tsammani kai kaɗai kake kwana da shi? Shi ya sa nike so a bar shi inda yake. Ya sha wahala da rai, kada a ƙara mashi.”

Almu ya saɓi garwa ya fita. Hanyar ba ta taɓa yi masa tsawo kamar ran nan ba. Sabuwa ba ta yi ƙarya ba: kalma ɗaya, tsamiya ta tsaya, kabari ya tsaya, randa ta tsaya. Ba kuma wanda zai kira shi maƙaryaci, don duk gari sun fi son wannan amsa. Amma shi ya san abin da kalmar nan take yi wa ƙafar mutum. Ta taɓa riƙe tasa.

Ya tarar da direban yana jiransa nesa da inuwar. Ƙato ne mai suna Tanko, layu jere a damtsensa. Ya durƙusa ya gai da Almu, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi amfanin bana. Leburori suka taru a bayansa. Almu ya juye ruwa a randa, sannan ya zauna.

“Baba, tambaya gare ni, don Allah kada ka ɓoye mani. 'Ya'yana shida. Wanda ya koya mani tuƙi ya ture wata tsamiya a hanyar Daura, bakinsa ya karkace har ya mutu. Wannan tana da mutane?”

Almu ya dubi ɗan tudun ƙasar da ya kewaye da duwatsu. Ya dubi leburorin, yawancinsu samari, sun zuba masa ido. Duk abin da ya faɗa, da shi za su koma garuruwansu.

“Babu kowa a bisanta. Shekara goma sha ɗaya ina zaune nan da rana tsaka, ko tsakuwa ba a jefe ni da ita ba. Ƙarƙashinta ne akwai mutum.”

Ya ba su labarin, bai rage ba. Ya faɗi gorar da ke kafaɗarsa, ya faɗi tuƙar kara, ya tashi ya nuna masu inda ya tsaya. Can wani lebura ya matso ya ɗauki moɗa ya sha.

Tanko ya share fuska da tafin hannu. “Baba, ka kwance mani ɗauri ka ɗaure kanka. Kabari ba zai tsai da aikin nan ba. Injiniya takarda zai tambaya. Aljani ne kaɗai ba a tambayar takardarsa.”

“Na sani.”

“To bari injin ya lalace. Zan iya sa shi ya yi sati yana ciwo.”

“Kada ka yi ƙarya domina. Yanzu na gama ƙin tawa.”

Tanko ya yi 'yar dariya ba ta daɗi ba. Ya duba yamma. “Akwai wani tudu can da na tsallake. Aiki ne na gaske, dole a yi shi. In na koma mashi, ba zan iso nan ba sai Asabar da safe. Iyakar abin da ke hannuna ke nan.”

“Ya isa.”

Malam Haruna ya tsufa, idonsa ya tafi, amma ya tuna. Ya ce lalura tana halatta a ɗauke mamaci, a dai yi da mutunci. Almu ya sayo farin yadi. Sabuwa ta karɓa, ta yanka, ta turara, ta ninke.

Ran Juma'a da hantsi Almu ya sa dagi. Nan ne ya gamu da abin da bai yi tsammani ba. Ruwan da yake zubarwa kullum in ya ɗauraye randa ya jawo saiwoyin tsamiya zuwa wurin. Sun sauka cikin kabarin, sun ratsa haƙarƙari, sun naɗe ƙasusuwa kamar saƙar faifai. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sarar dutse a ƙarƙashin ƙasa ya ajiye dagi, ya koma aiki da wuƙa da yatsu. Ya tankaɗe ƙasa da rariyar Sabuwa. Bai je masallacin Juma'a ba. Har la'asar sakaliya yana ciki. Manyan ƙasusuwa sun fito. Hannun dama ne bai samu ba, daga wuyan hannu zuwa yatsu. Wata saiwa mai kaurin cinya ta haɗiye wajen, ta yi ƙasa da shi. Ya bi ta har ƙarfinsa ya ƙare, Malam Haruna ya aiko a ce masa ya fito, rana za ta faɗi.

Makarar ba ta da nauyi, amma Tanko ya zo da rigar aikinsa ya kama gefe ɗaya. A maƙabarta Babaji mai gadi ya tambayi sunan mamacin.

“Ban sani ba.”

“Ɗan wa ne?”

“Baƙona ne.”

Babaji ya dube shi, ya nuna masu wuri kusa da ɗan Almu na fari.

Ran Asabar tsamiya ta faɗi. Sai da katafila ta ja da baya sau huɗu. Almu yana tsaye yana kallo har aka gama. Bakin Tanko bai karkace ba. Matan unguwa suka zo suka kwashi itace, har da waɗanda da ko inuwarta ba su ratsawa. Shehu tela ya aiko a ce masa ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

An zuba kwalta kafin damina. Almu ya san daidai inda tsamiyar take, don ya auna daga ganuwa kafin a ture ta. Nan gefen titin, daura da wurin, ya sake kafa randar, ya yi mata 'yar rumfar kara. Sau biyu mota tana fasa ta, sau biyu yana sayo wata. Yanzu garwa ɗaya yake iya ɗauka, saboda haka sawu biyu yake yi. In zai tsallaka titin, yakan yi gaba kaɗan kafin ya taka, ba ya bi ta kan wurin da hannun ya rage.

Sabuwa takan ce masa, in abin ya motsa mata, “Da ka ce akwai, da yana nan cikakke.”

Ba ya musa mata. Yakan ɗaga kai ya dubi cokalin da ke soke a azara, sannan ya jawo garwa.